An ba ni shugabancin makarantar sakandare, ta ina zan fara?

Wani ƙanena a aikin koyarwa ne ya aiko da wannan tambaya. Shekararsa 14 yana koyar da kemistiri, biyun ƙarshe yana mataimakin shugaba mai kula da karatu a wata makarantar jeka-ka-dawo a cikin birni. Yanzu takarda ta fito, an tura shi shugabancin wata sakandaren gwamnati ta maza a karkara, mai ɗaliban kwana da na jeka-ka-dawo. Abu uku ke hana shi barci. Mataimakin da zai tarar ya girme shi, ya kuma daɗe yana sa ran kujerar. Ya ji ƙishin-ƙishin cewa wanda zai gada ya bar bashi. Sannan makarantar ta yi suna wajen abin da ake kira "taimaka wa yara" a jarrabawa.

To Malam, Allah Ya sanya alheri, Ya taya ka riƙo. Na zauna a irin wannan kujera a makarantu uku kafin in yi ritaya, kuma mafi yawan abin da zan faɗa maka daga tuntuɓen da na yi na koye shi.

Jarrabawarka ta farko za ta zo tun kafin ka zauna, ita ce takardar miƙa aiki. Wanda za ka gada zai kawo maka ita a shirye, sunanka a ƙasa, ga biro a hannunsa. Yana sauri, motar kayansa na jira, wataƙila ma ya taɓa koyar da kai, sai ka ji nauyin ka ce bari in duba. Ka ji nauyin, amma ka duba. A makarantata ta farko na sa hannu a kan cewa na karɓi madubin likita guda 12 a ɗakin gwaji. Bayan wata takwas masu binciken kaya suka zo daga ma'aikatar ilimi, aka buɗe kabad, akwatunan na nan a jere gwanin sha'awa, bakwai daga cikinsu fanko. Har yau ban san hannun da ya ɗauke su ba, kuma ba na zargin kowa. Amma sa hannuna ne a takarda, ni na yi ta sintiri zuwa ofishin shiyya ina bayani.

Saboda haka ka nemi kwana biyu ko uku. Ka ɗauki mai kula da sito da malami ɗaya daga kowane sashe, ku bi ɗaki-ɗaki: sito, ɗakin gwaji, laburare, ɗakin kwamfuta, kicin, ɗakunan kwana. A buɗe akwati, a tayar da janareta a ji kukansa, a ƙirga gadaje da bencina. Motar makaranta ko a kan duwatsu take, a rubuta cewa a kan duwatsu aka same ta. Abin da ba ka gani ba ka rubuta a gefen takardar "ban gani ba", ku duka ku sa hannu, kwafi ɗaya ya tafi ofishin shiyya. Ba tozarta kowa ka yi ba. Idan mutumin kirki ne ma kāre shi ka yi daga abin da zai ɓata bayan tafiyarsa.

Akwai abu biyu da sababbin shugabanni kan manta. Na farko, takardun shaidar WAEC da NECO na tsofaffin ɗalibai da ba su zo sun karɓa ba. Wasu sun shekara ashirin a durowa. Ka ƙirga su, ka daidaita da littafin da ake sa hannu idan an karɓa, ka riƙe makullin da kanka, domin ana cinikinsu. Na biyu, takardar filin makaranta da iyakokinsa. Makarantun karkara da yawa ba su da katanga, kuma gari yana matsowa. Yau gona ce aka ara wa wani dattijo, gobe an kafa rumfa, jibi an zuba harsashi. Ka taka iyakar da ƙafarka tare da maigadin da ya fi daɗewa.

Batun bashi kuwa, ka sani ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka ci don makaranta kuma akwai takarda, kamar na mai kawo itace ko mai gyaran famfo. Wannan na makaranta ne, ka gaje shi. Akwai wanda aka ci don makaranta amma da baki. Akwai kuma wanda mutum ya ci don kansa ya jingina wa makaranta. Masu bin bashi za su yi maka sallama tun makon farko, kowa da rantsuwarsa. Ka ba su wurin zama, ka saurare su, ka rubuta, kada ka yi wa kowa alƙawari. Ka ce za ka kai gaban kwamitin makaranta da daraktan shiyya, kuma ka kai ɗin. Ranar da ka zaro kuɗi daga aljihunka ka biya mutum ɗaya don kunya, washegari layi za ka tarar.

Da dare kuma ka zauna da logbuk, wato littafin da shugabanni ke rubuta abin da ya faru a makaranta. Ka koma baya shekara goma idan yana nan. A ciki za ka ga watan da rijiya ke ƙafewa, da shekarar da yara suka yi bore da abin da ya jawo shi, da malamin da aka yi ta rubuta sunansa. Idan ka tarar an shekara uku ba a rubuta komai ba, wannan ma labari ne.

Yanzu mu zo kan mataimakinka, don na ga shi ya fi damunka, kuma ka yi gaskiya. Ka sa kanka a matsayinsa. Mutum ya ba makarantar nan shekaru, ya riƙe ta duk lokacin da shugaba ya yi tafiya, mutanen gari har sun fara yi masa murna, sai ga takarda ta zo da sunan wanda bai kai ƙaninsa na biyu ba. Idan ya ɗaure fuska, ba mugunta ba ce tukuna, ciwo ne. Kuma kada ka zauna lissafin cewa ya kusa ritaya. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai daga 60 zuwa 65, na aiki daga 35 zuwa 40, a jihohin da suka ɗauke ta sai ka ga wanda kake zaton saura masa shekara ɗaya ashe saura shida. Zama za ku yi, gara ku gyara zaman.

Kada ka kira shi ofis ranar farko. Kai ka je gidansa bayan la'asar, ka cire takalmi, ka gaishe shi gaisuwar ƙane. Ka ce masa, "Malam, an turo ni, ban nema ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina neman ka riƙe ni." Idan kuwa ka nema ɗin, to ka bar wannan jimlar, kada ka fara da ƙarya, don zai ji. Bayan haka ka ba shi aiki na gaske, mai iko a ciki, kamar tarbiyyar ɗalibai da sha'anin ɗakunan kwana, ko hulɗa da mutanen gari. Duk shawarar da za a yanke a taron malamai, ya ji ta daga bakinka kafin taron. Abin da ke kashe irin waɗannan dattawa shi ne su ji labarin makarantarsu a bakin ƙananan malamai. Kada ka taɓa gyara masa magana a gaban ɗalibai ko malamai, ko da ya yi kuskure. Ka bari ku keɓe.

Amma girmamawa daban, sakin linzami daban. Sa hannu a kan kuɗi, da wasiƙar da za ta fita da sunan makaranta, da hukuncin korar ɗalibi, waɗannan naka ne, kai za a tambaya. Na yi aiki da irin wannan mataimaki sau biyu. Ɗaya ya zame mini uba, har yau muna zumunci. Ɗayan na yi duk abin da na faɗa maka bai sauko ba, umarni ya fita ya bi ta bayan fage ya warware. Da na ga haka sai na koma ba shi kowane aiki a rubuce, da ranar da ake son a gama. Da zango ya ƙare na je wa daraktan shiyya da takardu, ba da ƙorafi ba. Aka yi masa canjin wurin aiki ba tare da an ji kanmu ba. Ka ba shi zango guda cur kafin ka yanke hukuncin wane iri ne.

Ka kuma yi hattara da waɗanda za su fara zuwa maka. A kowace makaranta akwai mutum biyu ko uku da ke riga kowa shiga ofishin sabon shugaba, su rufe ƙofa, su rage murya, su ce "Yallaɓai, don Allah tsakanina da kai." Haka suka yi wa wanda ka gada, haka za su yi wa wanda zai gaje ka. Malaman da makarantar ke tsaye a kansu galibi ba za ka gan su a ofis ba a makon farko, suna aji. Kai za ka neme su. Babba juji ne, kowa zai kawo shararsa, sai dai ba kowace shara ake ɗauka a kai taron malamai ba.

Gaisuwar gari ba ta buƙatar dogon bayani. A cikin mako biyun farko ka je wa hakimi ko dagaci, da limamin Juma'a, da DPO, da mai kula da asibitin garin, da shugaban ƙaramar hukuma. Ka tafi da mataimakin nan naka ya gabatar da kai. Ranar da za ka buƙace su, da tsakar dare za ka buƙace su, kuma ba a fara sanin juna a wannan lokacin.

Duk wannan share fage ne. Aikin da aka turo ka yi ɗaya ne: idan an buga ƙararrawa, a samu malami a cikin aji yana koyarwa, har a buga ta fita. Sababbin shugabanni sukan fara da fenti, da sabon allon suna a bakin ƙofa, da canza kujerun ofis, saboda su ake gani. Ni ma na yi. Amma da za ka tsaya a tsakiyar makaranta bayan an dawo daga tara ka ƙirga azuzuwan da ke da malami, sannan ka sake ƙirgawa a darasin ƙarshe, za ka san ainihin makarantar da aka ba ka. Ka yi wannan ƙirga kullum na mako biyu, ba ka ce wa kowa komai ba. Ka lura da ranar kasuwar garin, da ranar Juma'a, da ranar Litinin ga malaman da iyalinsu ke birni, da lokacin shuka da na girbi. Za ka ga ɓarnar tana da tsari, ba haka kawai take faruwa ba.

Littafin sa hannu na safe ba ya faɗin gaskiya, kowa ya san ana sa wa juna. Abin da ya yi mini aiki shi ne takarda a hannun monitan kowane aji, malami ya sa hannu a kanta bayan ya gama darasi, mataimaki mai kula da karatu ya tattara kowace Juma'a. Sai dai ka kāre monitocin, kada malami ya huce a kansu. Sannan kai kanka ka riga kowa zuwa. Shugaban da ke shigowa ƙarfe tara ba shi da bakin yi wa kowa faɗan makara. Ka kuma ɗauki aji ɗaya na kemistiri ka riƙe, ko da darasi huɗu ne a mako, ka shiga a kan lokaci, ka rubuta shirin darasinka ka miƙa a duba kamar kowa. Wannan ya fi wa'azi goma a ɗakin malamai. Idan taron hukuma ya ci lokacin darasinka, ka rama.

Ka san iyakar ikonka don kada ka yi barazanar da ba za ka iya cikawa ba. Ba kai ka ɗauki malami ba, ba kai ke biyansa ba, ba ka da ikon korarsa. Abin da ke hannunka shi ne jadawalin darussa, da fom ɗin da kake cika masa na ƙarin girma, da sunan wanda za ka tura bita ko aikin sa ido a jarrabawa, da takardar tuhuma wadda malamai ke kira kweri. Kweri kamar barkono take, kaɗan ake sawa. Kafin ta, ka kira mutum ka tambaye shi abin da ke faruwa. Sau da yawa za ka tarar albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, yana haya da babur da yamma, ko kuɗin mota daga birni ya cinye rabin abin da yake samu. Irin wannan, idan ka tattara masa darussansa a kwana huɗu ya san ranar biyar tasa ce, sai ka samu kwana huɗu cikakku maimakon biyar na ƙarya. Wanda kuma ke taƙama da wani babba a sama, ya ɗauki albashi bai san ƙofar aji ba, ka rubuta, ka sake rubutawa, ka aika. Ko ba a yi komai ba, sauran malamai sun ga ba ka kau da kai ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare. Kai ka san abin da za ka tarar. Za ka kuma tarar da malaman wasu darussa sun yi yawa, na lissafi da fizis da Turanci kuwa sai an tona. Kafin hukuma ta turo, ka je ofishin masu yi wa ƙasa hidima na ƙaramar hukuma ka nemi a ba ka, ka gyara musu ɗaki mai ƙofa da makulli, don masauki ne ke sa su zauna ko su gudu. Ka rubuta wa kwalejin ilimi mafi kusa ta riƙa turo ɗalibanta masu gwajin koyarwa. Amma kada ka damƙa wa ɗan bautar ƙasa ajin ƙarshe shi kaɗai, zai tafi a tsakiyar shekara.

Ga wani abu da ba a son faɗa. A makon farko na zango, ka sa a ba 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, har da na babba, ɗan sakin layi na Hausa da na Turanci kowa ya karanta a bayyane, da lissafin tarawa da ɗebewa da sau. Ka shirya zuciyarka. Za ka samu yaran da suka gama firamare ba sa iya haɗa baƙi. Yaron da ba ya karatu, duk darasin da za a yi masa na shekara shida zaman jiran tashi yake yi, kuma shi ne wanda za a zo a ce maka a "taimaka" masa a jarrabawar ƙarshe. Ka ware musu awa ɗaya kullum, ka nemo malamin da ya taɓa koyarwa a firamare, a fara da Hausa sannan a haura Turanci. Kada a kira ajin da sunan da zai sa a yi musu dariya.

Wannan ya kawo mu kan jarrabawa. Ranar da ka ce ba za a rubuta amsa a allo ba, ba za a tara kuɗin "sallamar" mai sa ido ba, ka taɓa abincin mutane. Iyaye za su zo, wasu malamai za su yi sanyi, ɗalibai za su ce ka zo ka kashe musu rayuwa. Kuma in gaya maka gaskiya, sakamakon shekarar farko zai faɗi, a kira ka a tambaye ka dalili. Saboda haka kada ka jira sai ana saura mako guda a fara WAEC ka yi sanarwa. Tun zangon farko ka tara iyayen 'yan ajin ƙarshe ka faɗa musu a fili, ka kuma faɗa musu abin da za ka bayar a madadi: darasin yamma, bitar tambayoyin shekarun baya, gwaji na gaske a ɗakin gwaji, jarrabawar gwaji da za a yi da tsauri. Ka sanar da daraktan shiyya a rubuce tun kafin sakamako ya fito. Ka tuna wa malamai cewa dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ba ɗalibi kaɗai ta ambata ba, har da shugaban makaranta da malami da mai sa ido, kuma ta tanadi ɗauri. WAEC da NECO kuma suna iya janye amincewarsu da makaranta a matsayin cibiya, yaranku su koma neman inda za su raɓa. Takardar da ke da kiredit tara, mai ita ya kasa cin JAMB, mun ga irinta har mun gaji.

Jami'in jarrabawa na makaranta, ka san shi ciki da waje. Ta hannunsa rajista ke bi, da shigar da makin gwajin aji da hukumomin jarrabawa ke nema, da rubuta sunaye. Kuɗin rajistar da iyaye suka biya kada ya kwana a aljihun kowa, a zuba a banki a kawo rasit. An sha ganin yara sun zo ranar jarrabawa sun tarar ba a yi musu rajista ba. Ka kuma sa kowane ɗalibi ya duba sunansa da ranar haihuwarsa ya sa hannu, su dace da abin da ke kan lambarsa ta NIN. Muhammad da Mohammed da Muhammadu a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne, gyaran kuma sai wanda ya sha wahalarsa.

Kuɗi gaba ɗaya, ƙa'idata ɗaya ce: kada su bi ta hannunka, amma kada ko sisi ya motsa ba ka sani ba. Ka fara da sanin abin da jiharku ta halatta a karɓa. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta sa karatu kyauta ne har ƙarshen ƙaramar sakandare, Kano kuma ta ayyana shi kyauta kuma dole har babbar sakandare a 2019. Shugabanni da yawa sun rasa kujerarsu a kan 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, da sunan kuɗin alli ko na takardar jarrabawa. Idan buƙata ta taso, ka kai wa ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, su yanke a taro, a rubuta, su karɓa, su kashe, a liƙa lissafin a allon sanarwa. Idan ka tarar kwamitin suna ne kawai, shugabansa abokin tsohon shugaba ne, ba a taɓa zama ba, ka farfaɗo da shi. Shirye-shirye irin AGILE, shirin Bankin Duniya na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda ya fara da jihohi bakwai ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ta asusun wannan kwamiti suke bi da kuɗin ƙananan gyare-gyare. Tsofaffin ɗalibai ma ka neme su, sukan yi abin da ma'aikata ba ta yi ba, in dai sun ga inda kuɗinsu ya shiga.

Ka fito daga makarantar jeka-ka-dawo, don haka bari in ɗan tsaya a kan ɓangaren kwana. Can aikin ba ya tashi ƙarfe biyu. Boren ɗalibai da na gani, kusan duk daga ɗakin cin abinci ya faro. Gabza ta yi tsami, kunu ya zama ruwa, wake ya yi ƙwari, yara su yi shiru mako uku, ran nan kawai ka ji ruwan duwatsu a kan kwanon gidanka. Ka riƙa shiga kicin ba sanarwa, ka ci abin da suke ci, a cikin kwanon da suke ci. Idan ɗan kwangila ya kawo kaya, a auna a gaban mai sito da malamin abinci da wakilin ɗalibai. Buhun da ya aiko gidanka "don yara", ka mayar masa da godiya tun na farko. Idan ka karɓa, ranar da ya kawo masara mai ƙwari ba ka da ido.

Sai cin zalin da manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana da sunan siniyoriti. Tsallen kwaɗo da aike da wanki su ne waɗanda ake gani. Abin da ke faruwa bayan an kashe fitila ya fi haka muni, kuma yaro ba zai faɗa ba. Ka raba ɗakin kwanan ƙanana da na manya, malamin gida ya kwana a kusa da gaske, ka hana firifet riƙe bulala. Ka riƙa zagayawa da tocila a lokacin da ba a zata ba. Yaron da ka ga ya rame, ko yana ta zuwa ɗakin shan magani ba ciwon da ake gani, ko yana gudu gida, ka zaunar da shi kai da shi.

Da zafi ya shigo, ka rage cunkoso, a buɗe tagogi. A farkon 2024 sanƙarau ya yi kisa a makarantun kwana na yankin Potiskum. Yaro ya ce kansa na sara, ga zazzaɓi, wuya ya ƙage, ba a jira gari ya waye, asibiti za a nufa a lokacin.

Tsaro kuwa, tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, da na Kagara da Jangebe a watan Fabrairun 2021, babu shugaban makarantar kwana a Arewa da ke barci kamar da. Ba ka da bindiga, amma kana da kunne. Mafarauta da 'yan sa-kai da masu kai kaya kasuwannin ƙauye sukan ji motsi kafin jami'ai su ji. Lambar DPO da ta dagaci su kasance a wayarka da ta maigadi da ta kowane malamin gida. A riƙa kiran suna safe da dare, ka san adadin yaran da suka kwana a makarantarka kowace rana. Ku yi gwajin inda kowa zai nufa idan aka ji harbi ko gobara ta tashi, kuma kada a kulle ƙofar ɗakin kwana ta waje da kwaɗo. Idan labari mai ƙarfi ya zo maka, ka kira daraktan shiyya nan take, ka bi da takarda, ka nemi izinin sallamar yara. Gara a ce ka cika tsoro.

Wannan ne ya sa nake ba ka shawarar ka tare a gidan shugaba da ke cikin makarantar, ko da za ka tarar jemagu sun riga ka. Iyali za su iya zama a birni zangon farko har ka ga yanayin wurin, ka riƙa leƙa su ƙarshen mako bayan ka bar makarantar a hannun mutum takamaimai, da sunansa a rubuce a logbuk. Ka gyara ɗaki ɗaya da banɗaki da kuɗinka, ka ajiye rasit, sauran gyaran ya jira.